Daga ina aka samo sunan "Kokeshiyan" da ake kiran Turawa da shi?

Ɗan'uwa, tambayarka tana da tarihi. Wanda ya yaɗa sunan wani likitan Jamus ne, Johann Blumenbach, malami a jami'ar Göttingen, mai tara ƙoƙunan kan mutane. A 1795 ya kasa 'yan Adam gida biyar: Turawa, Mongol, Habashawa (da su yake nufin baƙaƙen Afirka), mutanen Amurka na asali da Malayawa. Turawa kuwa ya laƙaba musu sunan tsaunukan Kokeshas, musamman don ƙoƙon kan wata mata 'yar Jojiya, ƙasar da ke yankin waɗannan tsaunuka, ya fi burge shi. Ka ji hujjar ilimi!

Kafin shi, Carl Linnaeus na Suwidin ya raba mutane huɗu bisa nahiyoyi a 1735, a 1758 kuma ya ƙara wa kowa ɗabi'a, ya ce Bature mai hikima ne, ɗan Afirka malalaci.

A yi wa Blumenbach adalci dai: ya yarda asalin mutane ɗaya ne, bai kuma raina basirar baƙar fata ba. Samuel Morton na Amurka ne ya riƙa ɗura wa ƙoƙuna harsashin dalma yana auna girman ƙwaƙwalwa, masu kare bauta suka rungumi sakamakonsa.