Tambaya da Amsa: Wandon lilin ya ɗage bayan wanki ɗaya

Tambaya: Na ɗinka wa wani wandon farin lilin. Wanki ɗaya ya ɗage sama da idon sawu, gwiwa ta yi buhu, aljihu kuma ana hango shi daga waje. Laifin yadi ne ko na ɗinki? Daga wani tela a Zariya.

Amsa: Malam, kowanne da nasa kason, amma tun wajen sayen yadi aka kuskure. Ana auna nauyin yadi da giram a kowace murabba'in mita. Lilin mai giram 120 zuwa 150 na riga ne, shara-shara ne, shi ya sa aljihu ya tona asiri. Wando yana son 200 zuwa 260: yana zuba da kyau, gwiwa ba ta saurin buɗewa. Wanda ya haura 300 ya fi dacewa da kwat, a zafin watan Afrilu zai dami mai shi.

Da wuya mai shago a Kantin Kwari ya gaya maka wannan lamba, don haka ka auna da kanka. Yadi ɗaya mai faɗin inci 60, idan mai giram 200 ne, zai kai kusan giram 280 a sikeli. In ya gaza 220, bar shi ga riga. Ka kuma zare zare ɗaya ka ƙona: lilin zalla yana warin takarda, ya bar toka mai laushi, mai haɗin roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Ɗagewar kuma daga rashin jiƙa yadi ne. Lilin kan tsuke da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato wando mai tsawon inci 42 zai rasa kusan inci 2. Wanke yadin, ka shanya a inuwa, ka goge da sauran danshinsa, sannan ka sa almakashi.

Lilin ba ya miƙewa ya dawo, to kada ka yi masa ɗinkin matsattse. Ƙara aƙalla inci 2 a kan awon mazaunai, ka sake cinya da gwiwa, ka bi hantsa sau biyu. Allura lamba 14 ta isa. Bakin lilin yana tsefewa, dole a yi masa wibin, wato ɗinkin kame bakin yadi. Aljihun farin wando kuma a yi shi da ƙyalle ruwan ƙasa, fari a ƙarƙashin fari ya fi fitowa.