Tambaya da Amsa: Mutanen Kalinga, Sulhunsu, Jarfarsu da Tukwanensu

Tun da hoton wata tsohuwa mai jarfa har wuyan hannu ya shiga yawo a Facebook da WhatsApp, masu karatu a Zariya suke ta aiko mana da tambayoyi a kan ƙabilarta. Mun tsamo huɗu daga ciki. Ta biyu ce ta fi cin wuri, don a nan naman yake.

Tambaya: Assalamu alaikum. A darasin tarihi an karantar da mu yaƙin Kalinga da Sarki Ashoka ya yi a Indiya, yanzu kuma ga tsohuwa an ce 'yar Kalinga ce a Filifin. Mutane ɗaya ne? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kamar yadda akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano. Kalinga ta Indiya tsohuwar daula ce a gaɓar gabas, wajen jihar Odisha ta yau, kuma Ashoka ya ci ta da yaƙi wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Waɗanda ake magana a kansu kuwa mutanen duwatsu ne a arewacin tsibirin Luzon na Filifin, a yankin Cordillera. Lardinsu Kalinga, babban birninsa Tabuk, kogin Chico ya ratsa ta tsakiyarsa. A da haɗe yake da Apayao, sai a 1995 aka raba su. Jama'ar lardin sun haura 200,000.

Sunan ma ba su suka sa wa kansu ba. Maƙwabtansu na kwari, Ibanag da Gaddang, su ke kiransu haka, ma'ana abokan gaba, saboda a zamanin da mayaƙansu kan kai hari su sare kai. Shi kansa mutumin idan ka tambaye shi asali, sunan yankinsa zai fara faɗa maka: Butbut, Lubuagan, Tanudan da sauransu, sun fi 30. Sifaniya ta mulki Filifin fiye da shekara 300 amma ba ta iya tanƙwara waɗannan duwatsu ba, sai zuwan Amurka a farkon ƙarni na 20. Manoman shinkafa ne, suna sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin dutse, su jawo ruwa daga ƙorama ya riƙa gangarowa daga wannan hawa zuwa wancan. Jar shinkafarsu mai manyan ƙwayoyi, unoy, ta yi suna. Yawancinsu Kiristoci ne a yau.

Tambaya: Ina cikin dattawan da ake kira idan rigimar gona ko ta iyaka ta tashi. Na ji an ce mutanen nan suna da wata hanyar ɗaure sulhu tsakanin gari da gari. Ya ake yinta, kuma tana riƙewa? Daga wani dattijo a Kwarbai, cikin birni.

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba. Sunanta bodong. Abin da ya bambanta ta da zaman sulhun da muka saba shi ne, ba taron jama'a ne ke riƙe da ita ba, mutum guda ne. Kowane ɓangare yana fitar da mutum ɗaya mai dangi da yawa, mai dukiya da kwarjini, a ɗora masa amanar a wuya. Sannan tsakanin gari biyu kawai ake ƙulla ta. Garin da ke hulɗa da garuruwa ashirin, bodong ashirin zai riƙe, kowace da mai riƙonta.

Matakin farko sipat. Mai neman sulhu zai aika da wani abu ta hannun ɗan aike wanda ba ya cikin rigimar, yawanci mashi ko adda. Idan ɗaya ɓangaren ya karɓa, ya mayar da makamancinsa, to an tsagaita ke nan, ba mai taɓa wani. Na biyu simsim: dattawa, waɗanda suke kira pangat, za su zauna a baje duk wani tsohon ƙulli a faifai, kisa ne, rauni ne, satar dabba ce, bashi ne, a yanke abin da za a biya. Nan ne aikin yake, domin ƙullin da aka tsallake don kunya shi ke dawowa ya warware komai. Na uku lonok, babban biki. A yanka ɓaunar gida ko alade, a buga gangsa, wato faifan tagulla da ake kaɗawa da sanda ko da tafin hannu, a shelanta sharuɗɗan a gaban kowa. Sharuɗɗan su ne pagta. Da baka ake riƙe su a da, yanzu ana rubutawa a sa hannu.

Pagta ba ta barin abu a dunƙule. Tana faɗin iyakar ƙasar kowane gari, wadda suke kira bugis, da sunan rafi da tudu. Tana faɗin hukuncin kisa, da na rauni, da na sata, da yadda za a mayar da abin da aka tsinta, da abin da ya wajaba idan baƙo ya kwanta ciwo ko ya rasu a ƙasarku. Baƙon da ya ci abinci ko ya sha ruwa a gari ya shiga amanar garin. Shi ya sa ɗan garin da ake bodong da shi, da ya iso, gidan mai riƙon amanar yake fara nufa.

Nauyin da ke kan mai riƙon ba na wasa ba ne. Idan ɗan garinsa ya cuci ɗan wancan gari, shi zai tashi ya bi haƙƙin baƙon a kan mutanensa. A tsohuwar al'ada, ko da ɗan'uwansa na jini ne ya yi kisan, shi ake sa ran ya ɗauki fansa a kansa. Yau diyya da tara sun maye gurbin wannan, a biya da kuɗi, ko dabba, ko gona. A ganinmu nan ne hikimar take: wanda zai hukunta mai laifi daga cikin gidansu ya fito, don haka ba a buɗe sabon babin ramuwar gayya ba.

Tana riƙewa? Tana riƙewa muddin ana ɗumama ta. Suna da bikin sabuntawa, dolnat, da ake yi bayan 'yan shekaru, a sake karanta sharuɗɗa, a gyara abin da zamani ya canja. Idan mai riƙo ya mutu, amanar gado ce, a miƙa wa ɗansa ko 'yarsa a bainar jama'a. Inda aka yi sakaci da waɗannan biyu, sai ka tarar da yarjejeniya a takarda, ba mai tsaya mata. Abin da ya fi tsinka ta shi ne iyaka da ruwan ban gona, kamar taƙaddamar da ta daɗe tana tashi tana kwantawa tsakanin Butbut da maƙwabtansu Betwagan.

Kada kuma mu yabe ta mu bar aibinta. Laifin mutum ɗaya na garinsu ne gaba ɗaya. Ranar da bodong ta tsinke, ɗalibi a birnin Baguio ko ma'aikaci a Tabuk wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ya bar makaranta ko aiki ya ɓuya, don ana iya huce haushi a kansa.

Amma ta taɓa yin abin da ya wuce sulhun ƙauye. A shekarun 1970 gwamnatin Ferdinand Marcos ta shirya gina madatsun ruwa huɗu a kogin Chico da tallafin Bankin Duniya, aikin da zai nutsar da gonaki da ƙauyuka da kaburburan kakanni. A 1975 dattawan Kalinga da na maƙwabtansu Bontoc suka ƙulla bodong ta gama-gari, suka haramta wa mutanensu yi wa madatsar aiki. Jagoransu Macli-ing Dulag, pangat na Butbut a ƙauyen Bugnay, sojoji suka harbe shi a gidansa ranar 24 ga Afrilu, 1980. Kisan ya ƙara wa wutar mai, daga baya aka jingine aikin. Har yau ana tuna wannan rana a Cordillera, kuma dokar haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta 1997 ta amince da ƙasar gado da dokokin gargajiya irin wannan.

Tambaya: Wace ce tsohuwar, kuma da me take zanen? Lalle ne? Daga wata mai ƙunshi a Sabon Gari.

Amsa: 'Yar'uwa, ba lalle ba ne, jarfa ce, ba ta goguwa har kabari. Sunan tsohuwar Whang-od, 'yar Butbut ce a ƙauyen Buscalan da ke Tinglayan. A Afrilun 2023 mujallar Vogue ta Filifin ta sa ta a bangonta tana da shekara 106. Sana'ar sunanta batok.

Kayan aikin huɗu ne: ƙayar bishiyar lemo, sandar gora da ake cusa ƙayar a bakinta, wata sandar ta bugu, da tawada, wato kunkunniyar gindin tukunya da aka dama da ruwa a ƙoƙon kwakwa. Za ta tsoma tsinken ciyawa a tawadar ta shata zanen a fata, ta shafa wa ƙayar baƙi, sannan ta riƙa ƙwanƙwasa sandar da sauri, ƙayar na shiga tana fita. Wanzaminmu tsagawa yake da aska ya shafa baƙi, ita kuwa hudawa take ɗigo-ɗigo. A da namiji ba ya samun zanen ƙirji sai ya nuna jarumta a yaƙi, mata kuma ado ne a hannu da kafaɗa. Zanen da aka fi gani shanshani ne da saɓar mesa. Ɗigo uku a jere kuwa sa hannunta ne.

Inda ake samun matsala: ƙayar da ta dakushe yaga fata take, bugun da ya yi zurfi yana sa baƙin ya baje, layin ya dushe. Wurin yana kumbura, yana ɗaukar makonni kafin ya warke. Ƙaya ɗaya ko tsumma ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, daidai da askar wanzami da ba a canja ba. Bayani muke yi, ba koyarwa ba: hadisin da ke Bukhari da Muslim ya la'anci mai yin irin wannan zane da wadda ake yi wa. Ki riƙe lallenki.

Tambaya: Na ga bidiyon matansu suna rawa da tukwane jere a ka. Su ke gina su? Daga wata malama a Gyallesu.

Amsa: Su ne, Malama. Rawar banga ke nan, kuma a Fabrairun 2023 mata 4,681 suka yi ta a lokaci guda a Tabuk, ta shiga kundin Guinness. Ginin tukunya aikin mata ne, ƙauyukan Dalupa da Dangtalan a Pasil su suka fi shahara. A Dangtalan ne William Longacre na Jami'ar Arizona ya fara bibiyar tukwanensu a 1973.

Iri uku suke ginawa. Ittoyom ta shinkafa ce, doguwa mai matsattsen baki don ta riƙe tururi. Oppaya ta ganye da nama, bakinta a buɗe don juyawa. Immosso ta ruwa, ita ce randarsu. Ana kirɓa yumɓu da taɓarya a tsince tsakuwa, a fara da dunƙule a rarake cikinsa, a riƙa ɗora murɗaɗɗen yumɓu ana ƙara tsawo. Sai a tokare ciki da sulɓaɓɓen dutse, a bubbuga waje da katako har kauri ya daidaita. A goge, a shanya a inuwa kwanaki, sannan a gasa a fili da ciyawa da busasshiyar gora, ba tanda. Da an tsamo ta, tun tana da zafi, sai a goga mata ƙaron bishiyar almaciga a ciki, ya narke ya toshe ƙofofin yumɓun. Idan aka bari ta huce, ƙaron ba zai kama ba, tukunyar za ta riƙa tsatsafo. Wadda ba ta gama bushewa ba kuwa, ko aka bar tsakuwa a jikinta, a cikin wutar take fashewa, wani lokaci ta tafi da ta kusa da ita.