Amsa: Za a iya zuba lakar salga a garka a matsayin taki?

Malam, ka ce wani mai motar kwashe salga a Yamai ya yi maka tayin laka da araha, don garkarka ta bakin kogi. Taki ne mai ƙarfi, babu musu. Amma ɗanye kar ya shiga fangalin salati.

Matsalar ƙwan tsutsar ciki ce. Ɓawonsa na da tauri, yakan yi shekaru da rai a ƙasa mai laima. A ƙa'idojin 2006, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a wuri mai zafi irin namu a ajiye kashin fiye da shekara 1, ko a rufe shi da ciyawa ya ruɓe, zafin tsibin ya wuce digiri 50 sama da mako 1. Bushewar sama kaɗai yaudara ce, ciki na nan da danshi. Sannan a bar aƙalla wata 1 tsakanin zuba taki da girbi.

Ka kuma tambaye shi inda ya kwaso. Mutane na jefa matattun batura a salga, kuma rana ba ta ƙone dalmar da ke cikinsu. Ƙasa take zama. In daga garejin motoci ko majema ne, kar ka karɓa ko kyauta ne.

Ni dai mangwaro da gero zan ba shi, ba ganyen da ake ci ɗanye ba.