Abin da za mu ɗauko daga rumbu

Ɗana, jiya ka tambaye ni: tunda Alhaji na son gidan gonarsa na bayan Tawa ya yi kama da rumbunan Adar, me zai hana mu kewaya bulon siminti, mu shafa fenti ruwan ƙasa, mu kifa masa jinka? In muka yi haka, ranar bazara ta farko za ta kore shi zuwa gindin gawo.

Je ka tsuguna gaban rumbun kakanka ka duba da kyau. A kan duwatsu yake zaune, don kada damshi da gara su kai ga hatsi. Mu ma sai mu tada gindin gida da dutse, wanda Allah ya hore mana a nan, ya ɗaga kamu biyu daga ƙasa kafin tubalin farko ya hau. Sannan dubi hularsa, yadda ta zarce jiki ta zubar da ruwa nesa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ke shan duka, can za mu sa rumfa mai faɗi da indararo dogo.

Bango kuwa na ƙasa ne, kaurin santimita 40, tubalin da inji ya matse da ɗan siminti a ciki. Yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare, lokacin da mutane ke tsakar gida. Kada ka taɓa yaɓe ɗanyen bangon ƙasa da siminti zalla. Ruwa na shiga bayansa ya rasa mafita, bayan damina biyu ko uku ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Na sha gyara irin wannan, raina na ɓaci duk lokacin da na gani.

Azara ta yi tsada, giginya ta ƙaranta, don haka rufin zai zama na baka, wato ginin ƙasa a lanƙwashe kamar bakan gizo, da kwano a bisa, a bar tazara iska ta ratsa.

In Alhaji ya ce ƙasa ginin talaka ce, kai shi Yama ya ga masallacin da Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Daga nan ku biya Dandaji, inda mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa a 2018.

Zaure na nan yadda yake, baƙo ya tsaya can. Gobe da asuba ka zo da diga da buhu uku, mu ɗebo ƙasa wuri uku a gonar, mu kwaɓa mu shanya, mu ga wadda ba ta tsagewa.