Rini biyu ba sa haɗuwa a kafet ɗaya

Ka tambaye ni yadda gidan nan ya tashi daga masaƙa biyu ya kai inda yake, da abin da ya sa nake tayar da jijiyar wuya idan na ga an haɗa zaren rini biyu a aiki ɗaya. Zauna, yaro. Ajiye wayar nan tukuna, ba da ita nake magana ba.

Tarihin ba shi da tsawo. Mahaifina da hannu ya fara, ni da ƙanena muna naɗe masa zare. Da hali ya samu muka sayi tsohon injin saƙa, daga baya muka ƙara mai dasa gashi, irin wanda ya ɗaga garin Dalton na jihar Jojiya a Amurka: ɗaruruwan allurai a jere suna soka zare cikin yadin ƙasa, sannan a shafe bayan da roba. Ɗora zare da daidaita allura kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya yi wata 3 a nan bai iya ba, ya nemi wata sana'ar.

Shekarar da muka sayi injin nan, bashi har wuya, sai ga wani ɗan kwangila da aikin otal guda, ɗakuna da baranda, duk ja mai duhu. Aiki mafi girma da muka taɓa gani. Saura bandir ɗaya zare ya ƙare. Na aika aka rino wani, lambar launi ɗaya, marina ɗaya, ulu ɗaya. Na kara su a ƙarƙashin fitilar masaƙa, wallahi ko kai ba za ka bambanta ba. Mahaifina ya ce a fita da su rana a duba. Na ce lokaci ya ƙure. Ni ne na ce.

Aka shimfiɗa a doguwar baranda mai tagogi. Hantsi na dubawa sai ga layi ya fito sarai, rabi ja, rabi ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa. Ulu ba ya shan rini iri ɗaya sau biyu. Zafin ruwa ya ɗan motsa, ko zaren ya ƙara 'yan mintoci a tukunya, shi ke nan.

Laifina bandir ɗaya ne, kuma na ce zan sauya shi daga aljihuna. Mutumin nan ya ƙi. Ya riƙe cikon kuɗin aikin gaba ɗaya, wai kaya sun lalace. Babu takarda, babu samfurin da ya sa wa hannu, baki da baki muka yi. Sai da muka sayar da masaƙar da mahaifina ya fara da ita kafin muka biya mai ulu. Ku yaran yanzu kuna ganin kamfanin gado ba ya girgiza. Brintons, kamfanin kafet na Ingila, tun 1783 yake hannun iyali ɗaya, amma a 2011 ya kuɓuce musu, balle mu.

Bayan shekara 6 wani aiki ya kai ni otal ɗin. Kafet ɗina na nan shimfiɗe, har da bandir ɗin da aka ce ya lalace, ana ta takawa. Ko gefe bai tashi ba.

Tashi ka duba lambar tukunyar rinin da ke jikin kwalayen zaren can, ba lambar launi ba, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saɓa ka fitar min da shi rana.