Zoben Claddagh: me hannaye da zuciya da kambin ke nufi?

Tambaya: Yayata da ke aikin jinya a Ireland ta aiko mini da zoben azurfa, hannaye biyu sun riƙe zuciya, a kan zuciyar kuma akwai kambin sarauta. Ta ce yana da ma'ana, kuma akwai yadda ake sa shi. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: 'Yar uwa, zoben Claddagh ne yayarki ta aiko miki. Claddagh tsohon ƙauyen masunta ne a gefen birnin Galway, yammacin Ireland, inda kogin Corrib ke faɗawa teku. Hannayen suna nufin abota, zuciyar soyayya, kambin kuma riƙon amana.

Zoben hannu cikin hannu ya daɗe a Turai, tun zamanin Rumawa ake alamta alkawari da shi. Na Galway ya bambanta ne da zuciyar da kambin. Mutanen garin suna danganta shi da Richard Joyce, wanda aka ce 'yan fashin teku sun kama shi, suka sayar wa wani maƙerin fari a Aljeriya, ya koyi sana'ar a hannunsa, sai a 1689 ya samu 'yanci ya koma gida. Labarin ya sha gishiri a bakin masu sayar da zobe, amma Joyce maƙeri ne na gaske, kuma tsofaffin zobban da suka rage na wajen shekarar 1700 ne.

Yunwa ce ta fitar da shi duniya. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta cinye dankalin Turawa da talakawan ƙasar ke rayuwa a kansa, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura, akasari zuwa Amurka. Zoben da uwa ke bar wa 'yarta sai ya zama shaidar asali. Shi ya sa jikokin waɗancan baƙi a Boston da New York suka riƙe shi gam, har wanda bai taɓa taka Galway ba.

Sai batun sawa. A hannun dama, tsinin zuciyar na kallon farce, babu kowa a ranki. In kika juya shi yana kallon ki, akwai wanda kuke magana da shi. A hannun hagu tsinin na waje, an yi baiko. Na ciki, matar aure ce. Ni dai ban ɗauki wannan da zafi ba, domin al'ada ce da ta ƙara ƙarfi daga baya, kuma a Kano ko Damagaram da wuya a samu mai karanta ta a yatsarki. Tunda daga yaya ya fito, zumunci yake nufi. Ki sa shi a dama, ta inda ya fi miki kyau.