Tambayi Likita: Kurjin da ya ƙi jin man shafawa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina manomi ne. Shekarun baya ƙaya ta soke shi a ƙwauri, bayan wurin ya warke sai ɗan kurji ya fito. Yanzu ya kai faɗin tafin hannu, ya yi tudu da ɓawo da ɗige-ɗige baƙaƙe. Ba ya ciwo, sai ƙaiƙayi. Mun shafa maganin makero har mun gaji. Mene ne wannan, kuma jikokinsa za su ɗauka?
Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba a yanke hukunci kan fata ta wasiƙa, amma sukar ƙayar nan da baƙaƙen ɗigon sun sa ina zargin chromoblastomycosis. Cutar fangas ce, wato dangin ƙwayar da ke kawo makero, amma ba a cika ganinta ba. Ƙwayarta tana zaune a ƙasa da jikin itatuwa, rauni ke shigar da ita can ƙarƙashin fata, inda man makero ba ya kaiwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Mutum ba ya ɗaukarta daga mutum, jikoki su ci gaba da hawa cinyar kakansu.

Ku kai shi wurin likitan fata. Zai kankaro daidai baƙaƙen ɗigon ya duba a madubin likita, yana neman wasu dunƙulallun ƙwayoyi masu ruwan ƙasa da kaurin bango. Wani lokaci sai an yanki ɗan nama, domin tibin fata (ƙwayar tarin fuka in ta kama fata) da sankara kan yi irin wannan kama.

In ta tabbata, akan ba da maganin sha mai suna itraconazole, miligiram 200 zuwa 400 a rana, ko terbinafine, wani lokaci a haɗa su. Nan ake fama da majinyata: maganin kan kai wata 6 zuwa shekara, har ya zarce, da sun ga wuri ya lafa sai su ajiye, cuta ta dawo. Za a riƙa gwada hantar Baba. Ku faɗa wa likita in Baba yana da ciwon zuciya ko yana shan wani magani, don itraconazole ba da kowanne yake jituwa ba. Ƙaramin tabo akan yanke shi ko a daskarar da shi.

Man da ke da sitiroyid kuwa, wato sinadarin kwantar da ƙaiƙayi da kumburi, ku daina shafawa tun yau, ƙara wa fangas ƙarfi yake yi. In aka bar ciwon shekaru, ƙafa kan kumbura kamar tundurmi, a wasu lokuta ƙalilan ma ya rikiɗe ya zama sankara.